Inci Ɗaya a Yadin Isa

Shekara bakwai cur, in ka ji an ce "ƙungiyar Malami" tsakanin Isa da Sabon Birni, ba sai an yi maka bayani ba. Ƙungiyar ma'aikatan wani kamfanin haƙar rijiyoyi ke nan, mutum sittin da 'yan kai, masu yadi, wato filin ajiye kayan aikinsu, a bayan garin Isa. Tana da sunanta na takarda, dogo da Turanci, wanda ko akawun da ya buga shi ba ya iya faɗarsa da numfashi ɗaya. Amma a bakin mutane ta Malami ce, domin shi ya kafa ta a makon da igiya ta tsinke da amininsa Wakili cikin rijiya mai gaba goma sha huɗu, kamfani kuma ya aiko da likkafani da gaisuwa, shi ke nan.

Malami ɗan Burkusuma ne, gajere mai faɗin ƙirji, muryarsa kamar ana magana cikin tulu. Ko bihim bai sani ba a boko, amma in ya miƙe gaban manaja yana lissafa igiyoyin da suka ruɓe, har direbobi kan kashe mota su saurara. Yana son wannan sauraren fiye da tuwon dare, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Mutum ne mai amana da zuciya, sai dai Allah ya yi shi da son a ce shi ne.

Shi da kansa ya kawo Sammani kamfanin. Sammani ɗan marigayi Wakili ne, ya tashi a cikin garin Isa wurin dangin uwarsa, ya gama firamare har aji bakwai, bai taɓa riƙe sungumi ya yi shuka ba. Malami ya koya masa ƙullin da ba ya kwancewa, ya koya masa yadda ake saukar da fitila kafin mutum, in ta mutu a san iskar ramin ba ta kirki ba ce. Da takardun kamfani suka fara yawa, sai ya naɗa shi sakatare don ya riƙa karanta masa. A lokacin Sammani ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu, amma har yanzu in zai gaida Malami sai ya rusuna ya ce Baba. Wannan ladabin ma daga baya ya zama abin haushi, don mutum ya fi samun sauƙin ƙin mara kunya.

Abin ya fara ne daga bakin Fadima mai fura, wadda ke zama a ƙofar yadi. Wata rana da azahar wasu sababbin leburori suka zo saye, Malami na tsaye a gefe yana wanke hannu, sai ya ji ta ce musu, "Ashe ku ma kun shiga ƙungiyar Sammani?" Ba da wata manufa ta faɗa ba, haka ta ji ana faɗa. Malami ya ƙarasa wanke hannunsa a hankali, ya koma bakin aiki bai sha furar ba. Daga ranar kunnensa ya buɗe, sai ya tarar ashe sunan ya daɗe yana yawo, shi ne na ƙarshen ji.

Wannan a bazarar alif ɗari tara da saba'in da uku ne. Damina biyu a jere sun zo sun wuce kamar an yi baƙo mai sauri. Shanu na gangarowa daga arewa suna faɗuwa a hanya, rijiyoyin da kakanni suka bari sun ƙafe. Gwamnati ta ba kamfanin kwangilar ƙara wa rijiyoyi arba'in zurfi, ta ce ba tsayawa, rani da damina.

Nan rigimar take. Tun da aka kafa kamfanin, al'ada ita ce da zarar ruwan shuka ya sauka sai a naɗe igiya, kowa ya nufi gonarsa, ba mai neman izinin kowa. Bana kuwa manaja, Malam Halliru, wani Bazazzagi mai sanyin magana, ya manna takarda a jikin ofis cewa duk wanda ya bar aiki ba izini an sallame shi. Kuma barazanar ba ta baki ba ce, don kullum da safe ƙofar yadi cike take da maza, wasu daga tsallaken iyaka, waɗanda za su shiga rami a kan mudun hatsi. Ma'aikata suka ga an sa su zaɓi tsakanin abincin yau da na baɗi.

Aka yi taro ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar yadi, aka yanke cewa mutum uku za su zauna da kamfani: Malami a matsayin shugaba, Sammani, da wani birkila mai ɗan jin Turanci mai suna Lawwali, wanda gonarsa ke nan bayan katangar yadi. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce tunda za a turo jami'in ƙwadago daga Sakkwato, kuma da Turanci za a rubuta komai, Sammani ya zama bakin ƙungiya. Kafin a ce wani abu wuri ya ɗauki "haka na, haka na". Malami ya ce madalla, har da ɗaga hannun Sammani sama. Zuciyarsa kuwa kamar an zuba mata barkono. Kishi ne tsagwaronsa, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa wa matarsa.

Kwana biyu aka yi ana zama a ofishin manaja. Halliru a bayan teburi, jami'in ƙwadago a gefensa da tabarau da alƙaluma uku a aljihu, su Malami a kan benci. Ranar farko aka gama da ƙananan buƙatu. Kamfani ya yarda da sabuwar igiya duk wata uku, da buhun gero ga kowane mutum biyar a ƙarshen wata, abin da a wannan shekarar ya fi ƙarin albashi daraja. Da aka zo kan hutun shuka sai Halliru ya ce zai ba da kwana huɗu, daga sha biyar ga watan Yuni.

Sammani ya yi murmushi, ya ce da Turanci kamfani ya fara aika wa hadari kalanda tukuna, in ya sa hannu su ma za su sa. Jami'in ƙwadago ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Lawwali ya sunkuyo ya fassara wa Malami a kunne. To, wannan maganar ta Malami ce. Shi ya faɗa wa Sammani ita jiya da la'asar suna tafe, da bakinsa, da Hausarsa. Yau ga ta an sa mata wando da kwat, manya suna mata dariya, ba wanda ya ko waiwayo ya dubi uban da ya haife ta.

Rana ta biyu aka ci tura. Kamfani ya yarda hutu ya bi ruwa, ba kalanda ba, amma wa zai ce ruwan ya isa shuka? Malami ya sa aka faɗi yadda ake yi tun kaka da kakanni: a tona ƙasa da hannu, in danshi ya kai taƙi, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya a buɗe, to a ɗauki iri. Halliru ya ce hannun wa? Ya shimfiɗa nasa a teburi kusa da na Lawwali, ga bambanci ƙiri-ƙiri. Ya ce ba zai iya rubuta wa maigidansa a Sakkwato cewa an tsayar da aikin gwamnati a kan tsawon yatsun wani ba. Aka yi ta jan magana har rana ta take tsaka, kowa ya gaji, jami'in ƙwadago ya fara duba agogo.

Sai Sammani ya leƙa ta taga ya nuna wani abu a tsakar yadi. Gwangwanin auna ruwan sama ne, mai mazurari a baki, a kan turke, wanda akawu ke dubawa kowace safiya ya rubuta a littafi. Ya ce ga alƙali nan wanda ba ya cin hanci kuma ba shi da gona. Duk ranar da gwangwanin ya nuna inci ɗaya, hutun kwana huɗu ya fara ga kowa da kowa, da cikakken albashi. A madadin haka ƙungiya ta ɗauki alkawarin ba yajin aiki har kwangila ta ƙare, wanda kuma ya tafi ba a kan wannan ƙa'ida ba ya sallami kansa. Halliru ya gyaɗa kai. Jami'in ƙwadago ya buga teburi don murna.

Lawwali bai gama fassarawa ba Malami ya ga ramin da ke cikin maganar, kamar yadda yake ganin tsagewar bangon rijiya kafin ƙasa ta rufto. Gwangwanin a Isa yake. Gonakin mutum arba'in daga cikin sittin kuwa suna can Burkusuma da Kurawa da Unguwar Lalle. A shekarar ƙoshi ma ruwa kan yi wani gari ya tsallake wani, balle a shekarar fari. Bara da idonsa ya tsaya a kan iyakar gonarsa yana kallon ruwa na zuba wajen Kurawa, shi ko ɗigo bai taɓa hularsa ba. Shekara talatin yana da wata magana da yake yi wa matarsa Saude duk lokacin da ta tambaye shi labarin damina in ya dawo gida: ruwan Isa daban, na Burkusuma daban. Gyaran kuma ba wuya, a ce a kafa gwangwani a can ma.

Har ya buɗe baki. Daidai nan jami'in ƙwadago ya juya ga Sammani, ya ce da Hausa don kowa ya ji, a duk yawon da ya yi a jihar nan bai taɓa ganin shugaban ƙungiya mai kaifin basira irinsa ba, kuma zai sa sunansa cikin masu zuwa kwas Sakkwato. Shugaban ƙungiya, in ji shi, alhali shugaban na zaune a ƙarshen benci. Malami ya mayar da bakinsa ya rufe.

Da akawu ya buga takarda ya kawo, Sammani bai ɗauki alƙalami ba sai da ya juyo, ya rage murya.

"Baba, ko akwai abin da kag gani wanda mu ba mu gani ba?"

"Ku masu boko kun ƙare magana," in ji Malami. "Mi mai haƙar rami za shi gani?"

Sammani ya ɗauka wasa ne irin na uba da ɗa, ya yi dariya ya sa hannu. Lawwali ya sa. Aka miƙo wa Malami tawada ya dangwala babban yatsa a ƙasan takardar.

A hanyar fita ya yi ta lallashin kansa. Ya ce ai yaro sai ya yi tuntuɓe sau ɗaya yake sanin girman na gaba. Ya ce in abin ya kwaɓe ai wurinsa za a dawo, shi kuma cikin yini guda zai gyara. Ya ce ma wataƙila Allah ya kawo ruwa gama-gari, a wuce wurin ba wanda ya sani. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana haƙa ya kamata ya fi kowa sanin abin da aka ce game da ramin mugunta, amma kishi ba ya barin mutum ya auna zurfi.

A ƙarƙashin gawo Sammani ya yi shela: inci ɗaya, kwana huɗu, ga gero, ga igiya. Ba wanda ya tambayi inda gwangwanin yake, don murna ta toshe kunnuwa. Suka ɗaga shi a kafaɗa suka zagaya yadi da shi, Fadima na guɗa daga ƙofa. Malami ya tsaya a inuwa yana tafi a hankali, yana goge tawadar yatsansa a jikin riga, ta ƙi fita.

Mako uku aka yi ana kallon sama. Malami ma yana kallo, sai dai shi bai san abin da yake roƙo ba. In ya tuna gonar ubansa sai ya roƙi ruwa ko'ina. In ya ji an ce "ƙungiyar Sammani" sai ya kasa ƙarasa addu'ar. A gida Saude ce kaɗai ta rage, ga ciwon baya, ɗansu namiji ya tafi cin rani kudu tun bara bai dawo ba, 'ya'yansu mata suna ɗakunan mazajensu. Irin geron da za su shuka yana cikin tulu, ta liƙe bakinsa da laka da toka. Da yunwa ta matsa har suka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suna ci, ba ta taɓa tulun nan ba. Gonar kuwa aikin kwana uku ce ga mutum biyu, ɗaya na sara ɗaya na zuba iri.

Wata Talata da la'asar hadari ya haɗu a arewa, baƙi ƙirin, ana hango walƙiya. A Isa aka yi iska mai ƙarfi, aka yi yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba, sai gari ya washe. Washegari da hantsi wata mota ta shigo yadi daga Sabon Birni, tayoyinta caɓe-caɓe da laka. Direban bai kashe inji ba ya leƙo yana faɗin an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Burkusuma da Kurawa har Unguwar Lalle, danshi ya wuce taƙi ya doshi kamu, ko'ina ka duba mutane ne da sungumi.

Ma'aikata suka yar da diga da shebur suka yi kan turke. Akawu ya ciro gwangwani, ya karkata shi a gaban kowa. 'Yan ɗigo ne a ciki da mataccen buzuzu.

Halliru ya fito da takarda ya karanta musu sannu a hankali, har inda aka ce gwangwanin yadin Isa. Bai yi musu gatsali ba, fuskarsa ma ta fi tasu damuwa. Ya ce takarda ce mai hannun jami'in gwamnati, shi kaɗai ba shi da ikon ƙara mata ko wasali, in ya saki mutum arba'in yau gobe shi ma a ƙofa zai kwana. Sannan ya dubi su ukun da suka zauna da shi.

"Wallahi da a ranar ɗayanku ya ce a kafa wani a can, da na yarda nan take. Ga guda biyu can a sito, ko kwalinsu ba a buɗe ba."

Ba a jira la'asar ba aka taru ƙarƙashin gawo. Bakunan da suka yi wa Sammani kirari mako uku da suka wuce su ne suka yi masa wankin babban bargo. Aka ce ɗan birni ne, bai san inda hatsi ke fitowa ba. Aka ce an saye shi da kwas. Wani tsoho ɗan Kurawa ya yi magana har hawaye suka zubo masa, yana cewa irinsa na nan a rataye, 'ya'yansa ƙanana ne. Ba mai iya tafiya, don wanda ya tafi ya rasa aikin da buhun geron da ake ci a gidansa yanzu. Sammani ya miƙe. Ya ciro littafin ƙungiya da hatimi daga jakarsa, ya rusuna ya ajiye a gaban Malami, ya ratsa mutane ya fita.

Sai wuri ya ɗauka da sunan Malami. Aka ce da ma tsohon hannu ya fi, aka ce daga yau ba mai yi musu baki sai shi. Gaskiya ita ce ya ji daɗi. Daɗin ya ratsa shi tun daga ƙafa har ka, kamar mai ƙishirwa ya samu randa. Yana cikin jin daɗin tsohon nan ɗan Kurawa ya kama hannunsa ya ce, to shugaba, sai ka samo muna hutun kafin ƙasa ta sha iska. A nan ne Malami ya tuna cewa danshi a wannan rairayin kwana uku yake yi, huɗu in an yi sa'a, kuma gonarsa ma a cikin lissafin take.

Gyaran da ya ce na yini guda ne ya ci kwana tara. Aka aika Sakkwato, aka ce mai kamfani ya yi tafiya. Aka nemi jami'in ƙwadago, aka ce yana Gusau wurin wata rigimar. Kullum Malami na kan benci a ofishin Halliru, shi kaɗai ke magana yanzu, ba mai katse shi, ba mai sa wa maganarsa wando. Ya yi ta zuba hujja da muryar nan tasa, direbobi na kashe mota suna saurare kamar da. Amma duk lokacin da ya leƙa taga sai ya ga rana ƙwal, ya san a daidai wannan lokacin ƙasar gonarsa na bushewa daga sama, yatsa bayan yatsa. Kuma ba shi da halin tafiya, don in kowa ya gudu ban da shugaba.

A rana ta tara amsa ta zo. An yarda a kafa gwangwani a Sabon Birni, a kafa a Burkusuma, kowa ya bi na kusa da gonarsa. Aka sake ɗaga mutum a kafaɗa, wannan karon Malami, duk da nauyinsa. Murnar dai ba ta kai ta farko ba, don kowa ya san ruwan farko ya riga ya tafi, na biyu kuma sai yadda Allah ya yi. Fadima ta miƙa masa ƙwaryar fura kyauta, ta ce ƙungiyar Malami ta dawo hannun mai ita.

Ran Juma'a ya nemi izinin kwana biyu ya hau motar Sabon Birni, daga can ya samu ta Burkusuma. Bai shiga gari ba, ya sauka a hanya ya yanki daji zuwa gona, don ya fi so ya ga asarar shi kaɗai kafin ya haɗa ido da Saude. Da ya hau tudun da ke gabas da gonar sai ya tsaya cak. Gero ya tsiro, tun daga tsamiyar kan iyaka har gangaren fadama, kore shar, ganye bibbiyu. Layukan dai sun karkace kamar tafiyar maciji, wani wuri ramuka sun matsu, wani wuri sun yi nisa.

A gindin tsamiya wani mutum na zaune, tafukan hannunsa naɗe da tsumma. Sammani ne. Ashe tun ranar da ya ajiye hatimi bai koma gida ba, ya hau motar nan mai laka da za ta juya, ya sallami kansa bisa ƙa'idar da shi ya rubuta. Ya iso ya karɓi sungumi a hannun Saude, yana sara tana bin sa da iri tana dafe da baya. Da suka gama ya tara matan unguwa suka shuka gonakin wasu ma'aikata biyu kafin ƙasa ta ƙi. Yanzu yana nan yana korar awaki, don ba shi da aikin da zai koma.

Ya taso ya rusuna har ƙasa.

"Baba, ka gahwarce ni. Ni nij jawo muku wanga abu. Ban san ruwa na zaɓen gari ba, kuma da na tambayi manya da kyau da ba a kai nan ba."

Malami ya san maganar da ya kamata ya faɗa, cewa shi ya ga ramin tun a ranar ya ɓoye. Kalma kaɗan ce, kuma ba kowa a wurin sai su biyu da tsamiya. Ya dubi hannuwan da ke cikin tsumma, ya dubi gonar, ya ji kunya ta rufe shi, a ƙarƙashin kunyar kuma, Allah ya sani, tsohon haushin na nan bai mutu ba, don ko a neman gafara yaron nan ya riga shi.

"Layukkan ga naka sun karkace," ya ce.

Sammani ya ce haka ne, Baba, za shi koya.

A gida Saude ta kawo masa ruwa, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta ba shi labarin komai, yadda hannun Sammani ya fashe tun ranar farko, yadda ya ƙi cin abincinsu sai da ta yi masa rantsuwa. Ta ce ya gaya mata yadda aka yi zaman, wa da wa ke ciki, da abin da aka rubuta. Ta ci gaba da tsintar wakenta, ba ta ɗago kai ba.

"Maigida, shekara talatin kana cika mani kunne da ruwan Isa daban, na Burkusuma daban. Ran da anka rubuta takardag ga, kana ina?"

Malami ya ɗauki kofin ruwan ya kai baki, ya tarar ya riga ya shanye.

Ya riƙe shugabancin ƙungiya shekara goma sha ɗaya bayan wannan, ba wanda ya sake kiranta da sunan wani. Sammani bai koma kamfani ba. A Burkusuma ya zauna, ya ɗauko iyalinsa, ya koyi noma har layukansa suka miƙe. A shekarar nan gonaki kaɗan ne suka yi abin kirki a yankin, ta Malami na ciki, mutane suka riƙa zuwa kallonta suna ba da labarin wanda ya shuka ta. Tun kafin a yi girbi sunan ya kama. Gonar da uban Malami ya sare da hannunsa, wadda shi Malami ya ci gaba da nomawa har ƙarfinsa ya ƙare, in baƙo ya tambayi hanyar fadama sai a ce masa ya bi ta gonar Sammani. Sau da yawa Malami na tsaye a cikinta da fartanya ake faɗa.